Yini Guda a Duwala

Shekara 16 ke nan ina aikin katakis a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Bibemi, gabas da Garwa. A cikin waɗannan shekaru, in ka ɗebe Urushalima, babu garin da na yawaita ambata cikin koyarwata kamar Duwala. In muka zo kan labarin ɗan nan da ya karɓi gādonsa ya tafi ƙasa mai nisa, sai in ce Duwala ke nan. In muka zo kan labarin Annabi Yunusa, Duwala ce Nineba. Yara sun saba, har in na tambaya wane gari ne yake cinye samari, sai su amsa baki ɗaya. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, ni kaina ban taɓa wuce Ngaundere ba.

Ina da dalilina. Kowace shekara, da an sayar da auduga, sai samarinmu su fara zamewa kudu. Waɗansu sukan dawo da ciwo, waɗansu da hannu wofi, waɗansu kuwa ko labarinsu ba a ƙara ji. A shekara ta 2021 abin ya shigo gidana. Ɗan ƙanwata, wanda na riƙe tun rasuwar mahaifinsa, ya ce zai tafi Duwala ya yi kabu-kabu da babur. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, ya ƙi. Ranar da zai tashi, a gaban mutane na ce masa, “In ka taka motar nan, ka nemi wani kawu a can.” Ya taka. Daga nan yakan kira uwarsa, yakan aiko mata da ɗan abin da ya samu, amma da ya ji muryata sai ya kashe waya.

A watan Janairu na 2024 Fadanmu ya zaɓe ni da wani ɗan'uwa mu je wani kwas na mako guda a Duwala. Daren da zan tashi ƙanwata ta zo da ƙulli: busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da ƙuli-ƙuli. Ta ce, “Yaya, ya ce yana wata unguwa da ake kira New Bell, kusa da masallaci. A tambayi mai shayi. Ko ba za ka yi masa magana ba, ka miƙa masa wannan.” Na karɓa ban ce kome ba.

Muka shiga mota zuwa Garwa, muka sake wata zuwa Ngaundere. A can muka hau jirgin ƙasa na dare, wanda yake bin layin nan mai kilomita 622 da aka gama a 1974, gari ya waye mana a hanyar Yawunde. Daga Yawunde mota ta kai mu Duwala ta kan Edeya. Mun baro gida cikin hunturu, leɓe duk ya tsage. Da muka sauka kuwa sai gumi kamar an watsa mana ruwa. An ce mana ai wannan rani ne. Ruwan da Duwala take samu a shekara ya ninka namu sau uku har da ɗori.

Kwana shida muna cikin aji, ƙullin yana ƙarƙashin gadona. Kullum in ce gobe. A rana ta bakwai masu masaukinmu suka ce sun shirya mana yawon ganin gari, daga safe har yamma, da mota da jagora. Kowa ya ba da jaka 8, har da abincin rana. Da na ga washegari za mu koma, sai na sa ƙullin cikin jakata, tare da wata kwalba da 'yan ajina suka roƙe ni in cika musu da ruwan teku.

Mu 22 ne a motar. Jagoranmu saurayi ne ɗan ƙabilar Duwala, da farar riga da 'yar lasifika a hannu, da takarda wadda aka rubuta wuraren da za mu je da sa'o'insu. Da Faransanci yake magana, a hankali, saboda ya ga yawancinmu mutanen ƙauye ne.

Ya fara da Bonanjo, unguwar ofisoshi da tsofaffin gine-ginen Turawa. Muka tsaya gaban wani gida mai rufi hawa-hawa wanda suke kira Pagod, gidan sarakunan Bell, ginin 1905. A nan ya ba mu labarin da ya sa motar ta yi tsit. A ranar 12 ga Yuli 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa, bisa sharaɗin cewa ƙasar da suke zaune a kai da wadda suke nomawa tasu ce. Bayan shekara ashirin da 'yan kai Jamusawa suka ce suna son bakin kogin domin kansu. Za a kwashe masu gari a kai su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita guda tsakanin baƙi da farare. Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus ya kuma san dokarsu, ya ƙi. Ya kai ƙara har majalisar Jamus, ya aika sakatarensa Ngoso Din can. Sai aka tuhume su da cin amana, aka rataye su biyun a ranar 8 ga Agusta 1914. Kafin ƙarshen watan Satumba na wannan shekara, sojojin Ingila da na Faransa sun karɓe garin daga hannun Jamusawa.

Wani ya tambaya ina ne aka so a mai da su. Jagora ya ce, “New Bell.” Gabana ya faɗi, na taɓa jakata. Ya ce masu garin ba su yarda sun zauna can ba, sai wurin ya zama zangon baƙi: Hausawa, da Bamileke, da Basa, da mutanen Yawunde, kowa da sashensa. Ya faɗi wannan a taƙaice, ya duba agogo, muka wuce.

Daga nan sai babbar majami'ar Bitrus da Bulus, mai hasumiya biyu, wadda aka gama a 1936. Ya ce Fada-fadan Katolika na fari, Jamusawa ne 'yan ƙungiyar Palotin, sun sauka a wannan gari a 1890. Mu mutanen arewa muka fi kowa daɗewa a ciki, gama Kadinal Christian Tumi, wanda ya yi Babban Bishop a nan daga 1991 zuwa 2009, ya rasu a 2021, namu ne kafin ya zama nasu. Shi ne Babban Bishop na Garwa daga 1984 har zuwa lokacin da aka kawo shi Duwala. Ina yaro na taɓa ganinsa daga nesa.

Ba da nisa ba aka nuna mana majami'ar da 'yan'uwanmu Furotesta suka gina a 1947 domin tunawa da cika shekara 100 da zuwan bishara garin. Mutumin da suke tunawa da shi Alfred Saker ne, ɗan Baftis daga Ingila, wanda ya zauna a nan a 1845. Makaniki ne. Ya koya wa mutane yin tubali da sassaƙa da ɗab'i, ya kuma gama juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Duwala a 1872. Jagora ya ce kada mu manta da baƙar fata 'yan Jamaika, irin su Joseph Merrick, waɗanda kakanninsu bayi ne, suka ƙetaro teku domin wannan aiki. Na yi lissafi a bayan takardata. Namu Littafin na Hausa bai fito gaba ɗaya ba sai 1932, wato bayan shekara 60. 'Yan mishan na Luta sun iso arewa a shekarun 1920, Fada-fadan Oblat kuma, su Yves Plumey, sai a 1946. Ashe lokacin da kakannina ba su taɓa jin sunan Yesu ba, a wannan gari da nake kira Nineba an riga an yi shekaru ana karanta bishara da harshen gida. Na ji kunya kaɗan, amma na ce a raina wannan labarin da ne.

Wajen ƙarfe 11 muka hau gadar kogin Wuri. Gada biyu ce kusa da juna, tsohuwa ta zamanin Faransawa da sabuwa. Ni da na saba da Mayo Kebi, wanda da rani yaro yakan ƙetare shi da ƙafa a waɗansu wurare, sai na kasa magana. Jagora ya ce Turawan Fotugal da suka shigo wannan kogi a 1472 sun tarar da jatan lande da yawa, suka sa masa suna kogin jatan lande da harshensu, daga wannan kalma ce sunan Kamaru ya fito. Muka yi dariya, ashe dukanmu da sunan ɗan ƙwaron ruwa ake kiranmu. Na tambaya ko wannan ne tekun. Ya ce a'a, teku tana can gaba da nisa, ba ta cikin shirinmu. Na mai da kwalbata jaka.

Daga kan gadar ana hangen tashar jiragen ruwa, da injunan ɗaga kaya masu tsawo, da kwantena jere kamar gidaje. Ya ce yawancin kayan da suke shiga Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya ta nan suke bi. Ya ce audugar da kamfanin Sodecoton yake saye a arewa, ana kai ta Ngaundere, jirgin ƙasa ya kawo ta nan, ta shiga jirgin ruwa. Na tuna da 'yar gonata. Na tuna da shanun kasuwar Adumri da albasar ƙasarmu da ake lodi zuwa kudu. Takin da nake zubawa a gona, da gishirin miyata, da babur ɗin da nake hawa zuwa ƙauyuka, duk ta wannan ƙofa suka shigo. Shekara da shekaru ina aika audugata Duwala da murna, ina jiran kuɗinta, amma da yaro ya ce zai bi hanyar da audugar ta bi sai na yi masa baki.

Da muka komo sai muka tsaya a shataletalen Deido. A tsakiyarsa akwai wani mutum-mutumi mai tsawon mita 12, tsaye da ƙafa ɗaya, wanda wani mai sana'a, Joseph-Francis Sumégné, ya harhaɗa da tarkacen ƙarafan motoci a 1996. Jagora yana ta bayani, amma ban ji rabinsa ba. Idona yana kan 'yan kabu-kabu, waɗanda a can ake kira bensikin. Sun fi a ƙirga, suna kewaya shataletalen kamar tururuwa, suna kutsawa tsakanin manyan motoci. Na ga waɗansu da tsagen fuska irin na wajenmu. Na shiga duban fuskokinsu ɗaya ɗaya, har ɗan'uwan da muka zo tare ya taɓa ni ya ce mota za ta tashi.

Aka kai mu cin abinci. Suka kawo abin da suke alfahari da shi, ndole, da wani tuwon rogo siriri naɗe cikin ganye wanda suke kira miyondo. Da na ɗanɗana sai na gane ashe shuwaka ce da gyaɗa, aka zuba mata jatan lande. Tana da daɗi, amma ta ƙi wuce mini wuya. Na tashi na sami jagora na ce, “Ɗana, ina roƙon a bi da mu ta New Bell.” Ya duba takardarsa ya ce, “Baba, ba ta cikin shiri. Babu abin kallo a can, sai kurkuku da kasuwa da cunkoso. Kasuwar furanni za mu je, sa'an nan gidan tarihin jiragen ruwa.” Bai yi laifi ba. Aikinsa shi ne ya nuna wa baƙi fuskar garinsu mai kyau, kamar yadda mu ma ba mu kai baƙo bayan gida da fari.

Akwai wani tsohon Fada ɗan kudu da ya rako mu. Da ya ji maganarmu sai ya ce, “Kun zo da mutanen arewa, za ku mai da su ba su ga ikilisiyar Baba Simon ba?” Duk muka juyo. Babu katakis a arewa wanda bai san Baba Simon ba, Fadan nan da ya yi ta yawo ba takalmi a duwatsun Tokombere. Mun san mutumin kudu ne, amma ban taɓa tambayar daga ina ya taso ba. Tsohon ya ce sunansa Simon Mpeke, an haife shi a 1906 kusa da Edeya, yana cikin 'yan Kamaru takwas na fari da aka naɗa Fada a 1935. A 1947 aka kawo shi New Bell, ya yi shekara 12 yana kiwon baƙin da suka cika unguwar. A 1959 ya bar babbar ikilisiya mai cike da mutane ya tafi arewa, ya zauna can har kusa da rasuwarsa a 1975. A 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, wanda mataki ne a hanyar sa shi cikin tsarkaka. Da aka ji haka kowa ya ce a je. Jagora ya ce to, rabin sa'a, a bakin kasuwar furanni.

Muka shiga majami'ar muka yi addu'a. Na durƙusa ina tunani: mutumin da muke kira uba a arewa, daga wannan unguwa Allah ya aiko mana shi. Da muka fito na tambayi wata mai sayar da lemo ina sashen Hausawa, ta nuna mini. Na gaya wa jagora ina zuwa.

Tafiya kaɗan sai kunnena ya fara jin Hausa da Fulatanci ta ko'ina. Ga masu tsire, ga teloli, ga masu goro, ga almajirai da allunansu. Ba don gumi da kwatamin da ya cika da ruwa ba, sai in ce a Garwa nake. Masu shayi uku na tambaya. Na ukun dattijo ne mai furfura, mutumin Garwa. Na yi sallama, na kwatanta masa yaron. Ya dube ni da kyau ya ce, “Kai ne kawun nasa, malamin coci?” Na ce ni ne. Ya ce, “Zauna, Malam. Yaron nan namu ne. Ran Lahadi ba ya fita aiki sai ya dawo daga cocinsu. In ya makara, yaranmu da suka tashi sallar asuba su suke tashe shi.” Ya zuba mini shayi, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ɗauki wayarsa ya kira. Ban ji abin da aka ce daga can ba. Na dai ji ya ce, “Ka zo yanzu, ni na ce.”

Rabin sa'a ta cika. Na koma da sauri na gaya wa jagora su tafi, zan nemi hanyar masauki. Ya ce, “Baba, ka biya kuɗin yini guda.” Na ce na riga na ga na kuɗina.

Da na dawo na tarar da shi tsaye kusa da babur. Ya rame, ya yi baƙi. Ya durƙusa ya ce, “Kawu, sannu da zuwa.” Tun daga Ngaundere nake shirya jawabin da zan yi masa, amma duk ya gudu. Na miƙa masa ƙullin. Da ya ji warin daddawar uwarsa sai ya juya fuska. Na ce, “Maganar da na faɗa maka a tasha, ban kyauta ba. Ba ka da wani kawu sai ni. Ka yafe mini.” A wajenmu babba ba ya roƙon yaro gafara a gaban mutane. Amma a gaban mutane na yi masa laifin. Mai shayi ya ce, “Shi ke nan, babba juji ne,” ya ƙara mana shayi.

Kada mai karatu ya zaci na tarar da shi cikin daɗi. Ya kai ni ɗakinsu. Su biyar ne a ciki, uku Musulmi, biyu Kirista, katifunsu a kan bulo saboda da damina ruwa yakan shigo har ciki. Ya nuna mini tabo a ƙaurinsa, inda wata mota ta buge shi. Ya ce wani abokinsu ɗan wajen Gidar ya mutu a ƙarƙashin babbar mota, su suka yi karo-karo suka binne shi, uwarsa ba ta ga gawarsa ba. Babur ɗin ma na wani Alhaji ne, kullum yana kai masa jaka 3, saura wata huɗu ya zama nasa. Abin da na daɗe ina tsoro gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da ban taɓa faɗa ba domin ban san ta ba: a cikin wannan wahala akwai masu tashin yaro ya je sujada, akwai masu binne baƙo.

Da la'asar ya ga kwalbar a jakata, na gaya masa roƙon yara. Ya ce in hau. Na rufe ido sau da yawa a hanya. Ya kai ni Yupwe, inda masunta suke sauke kifi, inda itatuwa suke tsaye cikin ruwa da saiwoyinsu a waje. Ya ce a nan ruwa yakan cika ya janye sau biyu a yini, saboda teku ce take turo shi. Ya tuɓe takalmi ya shiga ya cika mini kwalbar. Na ɗanɗana, da ɗan gishiri-gishiri. Da dare 'yan'uwa suka ba ni labarin gidan tarihin da na rasa, mai siffar jirgin ruwa. Na ce Allah ya kai mu wata shekara.

A cikin jirgin ƙasa, muna komawa, na sake tunanin Annabi Yunusa. Kullum a kan zunubin Nineba nake tsayawa. Ban cika kai yara ƙarshen labarin ba, inda annabin ya fita bayan gari ya zauna yana jiran ya ga hallakarsa, Allah kuwa ya tsauta masa saboda rashin tausayin mutanen da suke ciki. Yunusa ma ya fi ni, gama shi ya shiga garin ya yi tafiya a cikinsa. Ni daga nisan fiye da kilomita 1,000 na yanke hukunci.

Ran Lahadin da na dawo na ba yara kwalbar, kowa ya sa yatsa ya lasa. Sa'an nan na gaya wa ikilisiya duka cewa na yi shekaru ina koya musu abin da ban gani ba. Har yanzu ba na ce wa kowane saurayi ya tafi. Nakan gaya masa kuɗin ɗaki, da ruwan damina, da tabon da na gani, da abokin da aka binne. In ya ji duk wannan ya ce zai tafi, sai in rubuta masa takarda zuwa ikilisiyar da zai tarar, Fada ya sa hannu, mu yi masa addu'a a gaban jama'a, in raka shi tasha. Na sayi littafin rubutu inda nake sa sunayen 'ya'yanmu da suke Duwala da Yawunde da sauran garuruwa, da lambar wayarsu. Yanzu sun kai 14. Kowace Lahadi muna kiran sunayen nan ɗaya ɗaya cikin addu'ar jama'a, kowane wata kuma nakan kira su.

Ya 'yan'uwana masu aikin koyarwa a ƙauyuka, na san da yawa a cikinku kuna da garin da kuke tsorata yara da shi, ko Duwala, ko Legas, ko Kano. In dama ta samu ku je ku gani. In an ba ku jagora ku saurare shi da kyau, gama za ku ƙaru kamar yadda na ƙaru. Amma kafin yini ya ƙare, ku tambaye shi inda mutanenku suke kwana, ku roƙa a kai ku can. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu a inda suke, ya kuma sāka wa waɗanda suka karɓe su. Amin.